Minti Arba'in Tsakanin Weso da Imfondo

Da sunan Allah, wanda Ya shimfiɗa ƙasa, Shi kaɗai kuma Ya san iyakarta. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, ni Tanimu, manomi daga wani ƙauye a ƙasar Makoda, zan faɗi abin da ya same ni a cin ranin da na yi a ƙasar Kongo. Da ajami na fara rubuta shi, kamar yadda na saba, daga baya aka mayar da shi boko don waɗanda ba sa karanta namu.

Kafin mu kama hanya sai kun san abin da na bari a gida. A wajenmu ƙasa ta yi kaɗan, gona tana jikin gona, ko wurin turke akuya da mai shi. Abin da na gada ba ya ciyar da gidana wata uku. Gonar da muke ci aro ce, ta wani dattijo Baba Jibo, wanda 'ya'yansa suka koma Bacirawa a birnin Kano suna tuƙa adaidaita. Lokacin da ya ba ni ita fako ce, ko ciyawa ba ta so. Shekara bakwai ina kai mata taki a mangala, ni da jakina, har ƙasar ta yi baƙi ta yi laushi. Sharaɗinsa ɗaya ne, kuma kowace shekara sai ya maimaita shi idan na je sallamar cin rani.

"Tanimu, kai na ara wa, ba wakilinka ba. Na taɓa ara wa wani ya riƙa aiko mutane, sai da muka je gaban dagaci. Ranar da ruwan shuka ya sauka, in ban gan ka da sungumi a cikinta ba, zan ba wanda yake nan."

Ban taɓa saɓawa ba. Na ci rani a Legas, na ci a Fatakwal, kullum ina gida tun kafin hadarin farko.

Wanda ya kai ni Kongo taubashina ne, Sabi'u, ɗan gwaggona. Mahauci ne, ya daɗe a can, a wani gari da ake kira Imfondo. Ya ce Musulmin garin, 'yan Mali da 'yan Cadi da 'yan Sanagal, suna neman naman da malami ya yanka, ni kuwa ina da karatu daidai gwargwado, na kuma iya fiɗa da tsire. Muka yi magana a gaban gwaggo: zan yi masa aiki har ƙaramar Sallah, da mako ɗaya bayanta ya sa ni a hanya. A shekarar, tsakanin ƙaramar Sallah da ruwan shuka akwai kusan wata biyu. Na ga babu abin tsoro.

Ba zan tsaya kan hanyar Kamaru ba. Kwana bakwai muka yi a mota, daga Yola zuwa Garwa, zuwa Ngaundare, har muka shiga kurmi muka ƙetare ruwa zuwa Weso, garin farko a Kongo. A can Sabi'u ya ce sauran tafiyar a jirgin sama za mu yi ta.

Filin jirgin Weso ƙarami ne, tashar motar Dambatta ta fi shi hayaniya. Muna zaune a kan benci, Sabi'u ya dube ni yana dariya.

"Bawana, ka taɓa shiga jirgi kuwa?"

"Ina ruwan ubangida da jirgi? Ku bayi ku ne masu yawo. Kai dai faɗa mini, daga nan zuwa can tafiyar nawa ce?"

"Minti arba'in."

"Arba'in kawai?"

"Kafin ka gama azkar ɗinka mun sauka. Daga Makoda zuwa Ungogo ma ya fi haka in direba mai tsoro ne."

Ni ba yaro ba ne, na san jirgi ya fi mota gudu. Sai na yi lissafi irin nawa. Na ce a ƙaddara ya ninka mota sau huɗu ko biyar, ka ga tafiyar awa uku ke nan a bas. In ma babu bas, iyayenmu sun sha kai gyaɗa Kano a kan jakuna. Abin da mota ta yi a awa uku, ƙafa za ta yi shi a kwana huɗu ko biyar. Hankalina ya kwanta. Ban tambaye shi ko akwai hanya ba, don tambayar ba ta ma zo mini ba. A ƙasarmu babu garin da ba a zuwa da ƙafa. Duk inda ka dosa akwai turba a tsakanin gonaki, akwai rijiya, akwai masallaci, akwai wanda zai ce maka bi nan. Na ɗauka haka Allah Ya yi duniya duka.

Da za mu shiga sai ya ce in kawo fasfona ya haɗa da nasa, don jami'an can ba sa jin Hausa. Na miƙa masa.

Jirgin ƙarami ne, mai farfela biyu. Da ya ɗaga na rufe ido na kama salati, da ya daidaita na leƙa taga. Kore kawai, tun daga ƙarƙashinmu har inda ido ya ƙare, da wani ruwa yana ƙyalli a tsakanin itatuwa. Abin da na ce a raina shi ne, "Ikon Allah, duk wannan ƙasa babu mai noma ta!" Ina ta tausayin ƙasar da ba ta samu manomi ba, ban lura cewa tun da muka tashi ban ga layin hanya ko ɗaya ba. Na duba agogona da muka tashi, na duba da muka sauka. Minti arba'in ne da ɗan kaɗan. A wannan Sabi'u bai yi mini ƙarya ba, kuma har yau abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Imfondo yana bakin wani babban kogi, Ubangi, wanda in ka tsaya a wannan gaɓa mutumin da ke waccan kamar ƙuda yake. Aikina bayan sallar asuba in yanka awaki, wani lokaci saniya idan an samu, in taya fiɗa, da la'asar in zauna a tukuba ina gasa tsire. Na gwada kilishi sau biyu, ya ƙi bushewa, iskar garin jiƙaƙƙiya ce, sai dai ya yi fumfuna. Mutane suka san ni. Suna wucewa suna cewa "Malam, Malam," ko waɗanda ba Musulmi ba. Ciniki ya ƙaru, Sabi'u ya ƙara tebur.

Abinci ya ba ni wuya. Rogo da safe, rogo da rana, miyar ma ganyen rogo ce. Na yi mafarkin tuwon dawa da miyar kuka ya fi a ƙirga. Kusa da tukubata akwai wata mai sayar da ƙyafaffen kifi, Mama Odil, Kirista ce, babbar mace mai yawan dariya. Ba na jin yarensu, ba ta jin nawa. Da ta ga ina ramewa sai ta fara ajiye mini kwanga, wato tuwon rogon da suke naɗewa a ganye, da ɗan kifi. In na ce a'a sai ta harare ni ta nuna wuyana, ta nuna ƙashin kifi. Da azumi ya zo ta gane ba na ci da rana, sai ta riƙa jira har ta ji kiran salla sannan ta turo.

Amma abin da ya fi damuna ruwan sama ne. A can ba shi da ƙa'ida. Tun kafin azumi yake zuba. Ni kuwa jikina ya saba, in hadari ya haɗu to lokaci ya yi. Duk ranar da na ji ƙanshin ƙasa sai hannuna ya nemi sungumi. In duba, babu mai gudu, babu mai neman iri, kowa ya fake yana hira. Sai in tuna wa kaina cewa wannan ba ruwanmu ba ne, namu da saura.

Aka yi Sallah, mako ya cika, na tuna masa.

"Kai, bawan nan da gaggawa kake! Jirgi bai zo wannan makon ba. Mai zuwa."

Mako na gaba ya aike ni wani ƙauye a kwalekwale in sayo awaki, na kwana biyu. Da na dawo ya ce har yanzu shiru. Na gaba kuma ya sake aikena. Na ce, "Sabi'u, Shawwal yana ƙarewa."

"To sai me? Minti arba'in ne fa, Tanimu. Ko ranar da aka yi ruwan ka tashi ai ka kusa."

Na yi dariya, shi ma ya yi. Taubashi ne, tun muna yara muke kokawa a kan tudun gyaɗa. Ban kawo komai a raina ba.

Zulƙida ya kama. Wata rana da na dawo daga sayen awaki, Mama Odil ta kira ni da hannu. Ta shimfiɗa tafinta ta yi sama da shi tana "vuuu," ta nuna wajen filin jirgi, ta nuna jiya. Sannan ta ɗaga yatsu uku. Ta kalli teburin Sabi'u ta yi tsaki. Na gane, amma na ƙi yarda.

Bayan azahar na tsaya wurin Alhaji Mahamat, wani ɗan Cadi mai kanti wanda yake ja mana salla, yana jin Hausa sosai. Na tambaye shi yaushe rabon jirgin Weso da zuwa.

"Jiya ma ya zo. Sau uku ke nan tun bayan Sallah. Ni na ɗauka ka fasa tafiya ne, haka ɗan'uwanka ya ce."

Na koma tukuba na zauna, wuta tana ci, nama yana ƙonewa. Ina nan sai wayata ta yi ƙara. Maiɗakina ce, Lantana.

"Malam, wai da gaske ne?"

"Me fa?"

"Wai ka yi zama a can, bana ba za ka yi noma ba. Sabi'u ya kira ɗan Baba Jibo na Bacirawa, ya ce a faɗa wa tsoho ya nemi wanda zai ba gonar. Tun makon jiya ake maganar, ni ce ban ji ba sai yau a gidan suna. Malam, me za mu ci?"

Na ce mata ta yi haƙuri, ina tafe.

Washegari Alhaji Mahamat ya tara mu a kantinsa. Na zaci Sabi'u zai musa. Bai musa ba. Ya zauna a kan buhun shinkafa yana kaɗa ƙafa.

"Na faɗa, ƙarya na yi? Me ke cikin gonar nan? Ka shekara kana bauta wa ƙasar wani, dami nawa kake samu? Nan a wata ɗaya ka ci naman da ba ka ci a shekara ba."

"Ba haka muka yi da kai a gaban gwaggo ba."

"Layya saura wata guda, Tanimu. Duk Musulmin garin nan sun yi mini maganar raguna saboda kai. In ka tafi wa zai yanka? Na duba na ga muddin gonar nan tana nan, hankalinka ba zai zauna ba. In ta tafi ka huta, ni ma na huta. Wallahi taimakonka na yi."

"Sabi'u, uwarka da ubana ciki ɗaya suka fito."

"Shi ya sa ban ɗauko bare ba. Haba bawana..."

"Kada ka ƙara kirana da wannan sunan."

Alhaji Mahamat ya ce, "Ba shi takardarsa ta tafiya." Sabi'u ya ce tana gida. Alhaji ya ce to mu je gidan, mu uku. Da ya ga haka sai ya zaro ta daga aljihun rigarsa ta ciki, ashe tana jikinsa. Ya jefa ta a kan kantar shagon.

"Ga ta nan. Je ka ka ga ko hanyar Dambatta ce."

Baba Jibo kunnensa ya yi nauyi, ba ya riƙe waya, amma yana karanta ajami kamar ruwa. Na samu takarda na rubuta masa: gaisuwa, sannan cewa abin da aka faɗa masa ba daga bakina ya fito ba, ina hanya, ya dubi Allah ya jira ni. Alhaji ya ɗauki hotonta da babbar wayarsa ya tura wa limamin ƙauyenmu.

Muka je filin jirgi. Wani ma'aikaci yana gyangyaɗi a kan kujera. Alhaji ya yi masa Faransanci, ya amsa yana ɗaga kafaɗa. Jirgin ba shi da rana tsayayya yanzu, wataƙila mako biyu, wataƙila wata.

"To in bi mota," na ce. "Ko in taka da ƙafa. Ina ce Weso nan yamma take?"

Alhaji ya dube ni kamar zai yi dariya, sai kuma ya fasa. Ya tsuguna ya ɗauki tsinke ya yi ɗigo biyu a ƙasa.

"Ga mu, ga Weso. A sama kusa ne. Amma abin da ke tsakani ba ƙasa ba ce, Malam. Ruwa ne a tsaye a ƙarƙashin itatuwa, wani wurin zuwa ƙirji, wani wurin ya shanye mutum. Babu turba, babu gari. Mota sai ta yi arewa tukuna, ta yi nisa, sannan ta karyo yamma ta gangaro." Ya ja wani dogon layi kamar lauje. "Kamar a ce daga Makoda za ka Kano, amma sai ka bi ta Katsina. In hanya ta bushe, kwana biyu ko uku. Yanzu kuwa an sha ruwa. Allah kaɗai Ya sani."

Na tsaya ina kallon ɗigo biyun nan. Tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai tafin hannuna ba.

Alhaji ne ya samo mini mota, wata babba mai ɗaukar buhunan kifi, direbanta Bubakari, Bafulatanin Garwa. Da safen da za mu tashi Mama Odil ta zo da kwanga goma a ɗaure da kifi a leda. Ta yi wata doguwar magana, ta nuna sama, ta dafa ƙirjinta. Na ce amin. Sabi'u bai fito ba.

Ranar farko muka isa Dongu tun kafin azahar, kwalta ce, har na fara cewa Alhaji ya cika tsoratarwa. A nan kwaltar ta ƙare a bakin wani kogi. Jirgin fiton da ke ƙetarar da motoci injinsa ya lalace. Muka kwana biyu muna kallon ɗaya gaɓar. Bubakari ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mota yana dafa shayi.

"Malam, zauna. Tsayuwarka ba za ta gyara inji ba."

"Kai ba ka da gona ne?"

"Ina da shanu a wurin ƙanena. Su ba sa tambaya ko ni ne na zo ko wakilina."

A rana ta uku muka ƙetare, muka shiga kurmi na gaske. Hanyar ta masu yankan katako ce, jar laka, itatuwa sun rufe sama. Na rasa gabas. Rana ba ta fitowa sosai balle in gane alƙibla, sai Bubakari ya nuna mini da hannu in bi. Ruwan alwala ko'ina, amma wurin da zan sa goshi babu, sai in hau saman kaya in yi salla a kan tamfol, warin kifi yana shiga hancina, ƙudan tsando suna cizon ƙafata.

Rana ta huɗu motar ta kafe har gindi. Muka sauke buhuna, muka haƙa, muka sare rassa muka jera, muka tura, muka mayar da buhuna. Ba mu yi tafiyar rabin awa ba ta sake kafewa. Rana ta biyar muka tarar da wata tirelar gumagumai ta kwanta a tsakiyar hanya, motoci shida a bayanta. Babu ta inda za a raɓa, dama ruwa, hagu ruwa. Kwana biyu muka yi a nan ana jiran abin da zai ja ta.

A wurin ne, rana ta shida da hantsi, ina tsaye cikin laka har gwiwa, na ji ƙara a sama. Ta wani ɗan sarari a tsakanin ganye na hango shi, fari, ƙarami, ya dosa yamma. Jirgin nan ne, wanda aka ce sai mako biyu ko wata. Na bi shi da ido har ganye ya rufe. Na san kafin laka ta bushe a ƙafata mutanen cikinsa sun sauka a Weso suna karɓar jakunkunansu. Na zauna a kan wani gungume. Ban yi kuka ba lokacin da aka binne mahaifina, don ina ta karɓar gaisuwa, amma a nan na yi.

Wani tsoho daga mutanen kurmin, waɗanda suke zaune a 'yan bukkokin ganye a gefen hanya, ya zo ya tsaya a kaina. Ya tafi ya dawo da saƙar zuma a kan ganye, ya ajiye a gwiwata, ya koma. Ban san sunansa ba. Ina sa shi a addu'a har yau.

Rana ta bakwai aka janye tirelar. Da la'asar muka iso wani sansanin masu katako inda waya take kamawa. Na kira Lantana.

"Malam, an yi ruwa shekaranjiya. Mai yawa. Kowa ya fita."

"Baba Jibo fa?"

"Liman ya kai masa takardarka, ya karanta. Bai ce komai ba. Gonar tana nan ba a taɓa ba. Kana ina?"

Na duba kewaye da ni. Ban san sunan wurin ba. Na ce mata na kusa.

Sai a rana ta tara muka ƙetare kogin Sanga muka shiga Weso. Kwana tara, a kan abin da na yi a minti arba'in. Bubakari ya kai ni har bakin ruwan da ake ƙetarawa Kamaru, ya haɗa ni da wani direba ɗan garinsu. Na ciro abin da zan ba shi, ya ture hannuna.

"Ka tura mota kwana huɗu, Malam. Ni ya kamata in sallame ka. In ka shuka ka sa mini albarka."

Kamaru na yi ta kamar marar hankali. Duk motar da ta fara tashi ita nake shiga, ko a kan buhu ne. Tun daga Garwa na fara ganin gonaki sun yi kore, na daina kallon taga. Kwana bakwai, ranar ta takwas da hantsi ɗan acaɓa ya sauke ni a bakin ƙauyenmu. Ban shiga gida ba. Da jakata a kafaɗa na bi turbar gona.

Tun daga gindin gawon da ke kan iyaka na gani. An shuka ta. Gero ya fito layi-layi, ya kai tsawon yatsa, kore shar har yana baƙi-baƙi. Gonakin da ke kewaye duk sun tsiro, amma babu wadda ta kai ta. Takin da na zuba kafin in tafi, mangala ɗari da wani abu, shi yake aiki.

Na tarar da Baba Jibo a zaurensa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya daɗe yana kallona, don na rame na yi baƙi, ƙafafuna duk miki.

"Tanimu, na ga takardarka. Na gane hannunka, na kuma yarda da kai. Kwana uku na hana kowa taɓa ta bayan ruwa, mutane suna cewa tsufa ya kama ni. A na huɗu ƙasa ta fara shan iska. In na ƙara kwana ɗaya, ni da kai duka mun yi asarar shekara. Na ba Ado."

Ado maƙwabcina ne, mai 'ya'ya tara, shi ma ba shi da ƙasa.

"Baba, baɗi fa?"

Ya sunkuyar da kai. "Yadda na yi maka sharaɗi haka na yi masa. In bai saɓa ba, da wane baki zan karɓe?"

Na ce gaskiya ne. Bai zalunce ni ba.

Da yamma gwaggo ta zo yi mini sannu da zuwa, tana dogara sanda. Ta zauna a kan tabarmar Lantana ta tambaye ni yadda na baro ɗan'uwana, ko yana cin abinci, ko ya yi ƙiba. Lantana ta tashi ta shige ɗaki. Na dubi tsohuwar nan, fuskarta irin ta mahaifina sak. Na ce lafiya lau na baro shi, ya yi ƙiba. Ta ce Allah Ya bar zumunci. Na ce amin, a hankali.

Na shuka 'yar gonata ta gado a makare, a yini ɗaya na gama. Bayan kwana huɗu Ado ya yi sallama a ƙofar gidana bayan asuba. Ya ƙi shigowa zaure, ya tsaya yana murza hularsa.

"Malam Tanimu, wallahi ban nema ba. Kirana aka yi."

"Na sani, Ado."

"Ciyawa ta taso mini, ƙasar tana da ƙarfi, ta fi ƙarfina ni da yaran. Zan ɗauki 'yan ƙwadago gobe. Na ce... ban sani ba ko... in ba za ka ji wani abu ba..."

Ya kasa ƙarasawa. Na tuna rumbuna, saura abin da bai fi na mako uku ba. Na ce masa Allah Ya kai mu.

Washegari na saɓa fartanyata na tafi. Mu biyar ne, sauran huɗun samari daga wani ƙauye. Ado ya fara nuna musu inda za su kama, da ya zo kaina sai ya sauke hannu. Na ce masa gefen gawon nan ya bar shi sai ƙarshe, yana riƙe laima, kuma kusurwar kudu akwai gara, kada ya sa gyaɗa a wurin. Ya ce to, Malam. Na yi bismilla, na sunkuya, na kama daga kunyar gabas.